Notin manifol ya zarce a jikin top ɗin alminiyam, a ƙara ɗaurewa ko yaya za a yi?

Direban_Kwangila

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah kanikawa da duk wanda ya san harkar inji ina neman shawara kafin in zuba kuɗi a inda ba nan matsalar take ba. Golf 3 ce dani mai inji 1.8, ina lodi daga Kwangila a Zariya zuwa Funtua, wani lokacin Kaduna. Kwanaki tayi obahitin gasket ɗin top, wato kan inji, ya ƙone, aka sauke top aka kai aka goge aka maida, to tunda aka haɗa ta in na tada ita da asuba sai inji wani ƙara tas tas tas daga bayan inji daidai inda manifol ɗin salansa yake manne da top, in na taka wuta ya ƙaru in na saki ya ragu, in mota ta ɗau zafi kuma sai ya lafa har ka ɗauka ya tafi, gobe da safe ya dawo. Ga warin hayaƙi yana shigowa ciki musamman in mun tsaya a cunkoson PZ, fasinjan gaba har sun fara magana, ni kaina in na dawo da yamma kaina ciwo yake.

Na maida ta gareji, yaron da ya haɗa ya leƙa da tocila ya nuna min baƙin kunkunniya a gefen silinda ta ƙarshe yace noti ne bai ɗauru ba. Ya ɗauko soket ya zura faif a hannun ya danne, na farko yayi ƙara ƙiii ya tsaya, na biyu yana cikin ja sai naga hannunsa ya tafi sakayau, noti yana ta juyawa baya kamawa. Da ya jawo sai ya fito gaba ɗaya da sitod ɗin, wato ƙarfen nan mai zare da yake shiga top noti ya hau kansa, zaren sitod ɗin cike da farin ƙarfe a nannaɗe.

Yanzu kowa da abinda yake faɗa min. Ogan garejin yace a buɗa ramin a sa bol babba mai kan 17 shikenan an wuce wajen. Wani abokina direba yace dama tun farko a sanyi aka ɗaure shi yasa, manifol da zafinsa ake ɗaurewa. Wani kuma yace top ya mutu kawai in nemi na Beljiyam. Dan Allah wanne ne gaskiya, kuma sauran notin guda bakwai a ƙara musu ƙarfi ko a ƙyale su haka?

Baba_Mai_504

Wa alaikumus salam ɗana. Da farko dai kar a ƙara taɓa sauran bakwai ɗin nan da faif, a ajiye faif ɗin nan can nesa. Farin ƙarfen da ka gani a jikin sitod naman top ɗinka ne, zaren ramin ne ya yago ya biyo shi waje, kuma abinda ya yage shi shine zai yage sauran in aka ci gaba. Amma top bai mutu ba, wanda ya ce maka ka sayi wani saboda rami ɗaya bai yi maka adalci ba.

Ni a kan 504 na koyi aiki, irin wadda ake haɗawa a Kaduna, ita ma top ɗinta alminiyam ne a kan bulok na kas, kuma abu na farko da maigidana ya hana mu shine ɗaure komai a jikin top da dogon hannu. Kas yana jure maka wauta, alminiyam baya jurewa. Sitod ɗin manifol na motarka M8 ne, wato kaurinsa milimita 8, guda takwas, littafin Volkswagen Nm 25 ya ce a ɗaure notin su (Nm ma'aunin ƙarfin ɗauri ne), notin taya kuwa na wannan motar Nm 110 ne, kaga bai kai ko rubu'in na taya ba. To yaron da ya saba ɗaure taya ya zo ya zura faif a kan abin nan me kake tsammani.

Ga yadda nake yi in aka kawo min irin wannan. Mota ta kwana ta huce sarai. A injinka manifol ɗin shan iska da na hayaƙi duk a baya suke, ɗaya a kan ɗaya, dan haka sai an cire na sama kafin ka ga na ƙasa da kyau, wanda yace zai yi maka aikin da lalube ta ƙasan mota ba tare da ya cire komai ba sauri yake yi. In an cire manifol a kankare tsohon gasket daga fuskar top a hankali, kar a sa kurfi ko ciza a tona fuskar, a wanke da fetur. Kowane rami a hura masa iska a fitar da datti da mai, dan in akwai mai ko ƙasa a ƙasan ramin sitod zai tsaya kafin ya kai, kai kana ganin ya ɗauru alhali bai shige ba.

Sitod da hannu ake shigar da shi. Da yatsu ya tafi har ƙarshen zarensa, sannan a haɗa noti biyu a kansa a ɗan matse kaɗan, shikenan, ba a murɗe shi da ƙarfi a cikin alminiyam, ai aikin ɗaurewa na noti ne a waje. Hikimar sitod kenan ma, duk lokacin da za a kwance ko a ɗaure ƙarfe ne yake goga ƙarfe a waje, zaren cikin top yana zaune abinsa ba a dame shi ba. In ka maida shi bol kuwa kowane juyi a cikin naman top kake yinsa, kuma kana yinsa ne lokacin da nauyi yake kansa.

Sai sabon gasket, ka duba wasu suna da gaba da baya. A jera manifol, washa, sai noti sababbi irin masu ruwan jan ƙarfe ɗin nan, suna da ɗan matsi a bakinsu dan kar su kwance kuma basa kamewa da tsatsa kamar baƙin noti na kasuwa, amma sau ɗaya ake amfani da su, in an kwance an gama da su. Duka takwas a kai su da hannu tukuna su taɓa. Sannan a fara daga na tsakiya, sama da ƙasa, a tsallaka dama a dawo hagu ana fita waje, na ƙarshen gefe biyu su ne ƙarshe. Kamar mai shimfiɗa ledar ɗaki ne, daga tsakiya yake koro iska zuwa bango, in ya fara manne gefe tsakiya zata tashi. Kuma ba a zagaye ɗaya ba, zagayen farko kamar 10, na biyu kamar 18, na uku 25, sai ka sake bi sau ɗaya a kan 25 ɗin saboda na tsakiya suna sakewa in na gefe sun zauna.

Maganar ramin da ya zarce kuma akwai mai tana a nan, wato mai aikin yanka ƙarfe da inji, da ya fini sanin wannan, zai zo ya yi maka bayani.

Auwalu_Injin_Dogarawa

Baba Allah ya ƙara girma, duk abinda kuka faɗa haka ne a littafi amma mu faɗi gaskiya gareji nawa ne a Zariya suke da tok sifana, wato sifanar da take auna ƙarfin ɗauri, daga Muciya har Dan Magaji in ka samu a wuri ɗaya sai ka wuce goma baka gani ba, kuma motoci suna ta yawo. Ni dai abinda nake yi kuma yana min aiki, in na haɗa sai in tada mota ta ɗau zafi sosai in kashe in bi notin da zafinsu, lokacin gasket yayi laushi yana kwanciya, zaka ji kowanne ya ƙara tafiya kaɗan. Sannan maganar bol babba ba ƙarya ogan nan yayi ba, mun sha yi, a zura tap mai yanka zare na 10 a sa bol mota ta koma hanya, direban haya ne fa kullum motar tana tsaye asara yake, ba zai iya jiran a nemo wani Helicoil ba, wayar nan da ake sakawa a rami ta maida zare. Ni a ganina ayi masa M10 a wannan ramin ya tafi neman abincinsa.

Injiniya_Samaru

Malam Auwalu na fahimci uzurinka na rashin kayan aiki kuma zan dawo kansa, amma maganar ɗaurewa da zafi ban yarda da ita ba a kan top ɗin alminiyam, bari in faɗi dalili da lissafi dan kar ya zama musu kawai.

Kowane ƙarfe yana buɗewa in ya ji zafi amma ba daidai ba. Alminiyam yana ƙaruwa da kusan kashi 23 cikin miliyan na tsawonsa a kowane digiri ɗaya, ƙarfen sitod kusan 12, kas ɗin manifol kusan 11. Wato a zafi ɗaya alminiyam yana ninka su. To in inji yana da zafi ramin da sitod yake ciki ya buɗe fiye da yadda sitod ɗin ya kumbura, haƙoran zaren basu kama juna sosai kamar a sanyi ba, ga shi alminiyam yana rage ƙarfi in ya ɗau zafi, a wannan lokacin ne kake ƙara masa ja. Tafiyar da kake jin noti ya ƙara ba duka gasket bane yake kwanciya, wani lokacin zare ne ya fara miƙewa. Lambar da kamfani ya bayar kuma ta inji mai sanyi ce, in ka ɗaure da zafi babu wanda ya san nawa ya rage a kansa in ya huce, kuma manifol yana hucewa da sauri, na farkon da ka ɗaure da na ƙarshe ba a zafi ɗaya ka ɗaure su ba.

Amma abinda yafi muhimmanci wanda mutane basu cika lura da shi ba, shi manifol ba a ɗaure shi dan ya kafe wuri ɗaya ba, dole ne ya ringa ɗan zamewa a kan fuskar top. Top ruwa ne yake zagaya cikinsa, ruwan yana wajen digiri 90, shi kuwa manifol hayaƙi ne tsirara yake bi ta cikinsa, a doguwar tafiya da lodi yana haura digiri 500 cikin sauƙi, wanda ya taɓa buɗe bonet da dare bayan gudu mai tsawo wataƙila ya ga yana ɗan ja. Mu ɗauka tsawonsa santimita 35 ne, in zafinsa ya ƙaru da digiri 500 zai ƙara tsawo kusan milimita 2. Top a wannan tsawon in ya ƙaru da digiri 100 bai kai milimita 1 ba. Kaga akwai bambancin sama da milimita ɗaya, rabi ta dama rabi ta hagu, kuma wannan yana faruwa duk lokacin da aka tada mota aka kashe. Shi yasa ramukan jikin manifol suke da ɗan faɗi fiye da sitod, shi yasa ake sa washa mai kauri, kuma shi yasa kusan kullum sitod ɗin ƙarshe ne yake karyewa ko ya saki, kamar dai yadda mai tambaya ya ga kunkunniya a silinda ta ƙarshe. In ka matse shi fiye da kima ya kasa zamewa ƙarfin nan ba ɓacewa yake ba, ko ya lanƙwasa sitod yau da gobe har ya karye, ko ya tsaga manifol, ko ya banƙare shi. Garin neman gira a rasa ido.

Wannan kuma shi ya bayyana ƙaran asuba ɗin, da sanyi akwai ƴar kafa hayaƙi yana bugowa ta nan, in ƙarfe ya kumbura sai kafar ta matse.

Yanzu maganar rashin tok sifana. Nm 25 ba wani abin mamaki bane, nauyin kilo 10 ne a ƙarshen hannu mai tsawon santimita 25. Wanda ya zura faif mai tsawon mita ɗaya kilo biyu da rabi kawai yake buƙata ya kai 25, in ya jingina jikinsa ya sa kilo 20 ya doshi 200, wato ninki takwas. Dan haka in babu tok sifana mafi ƙaranci a ɗauki gajeren hannu, a riƙe shi da hannu ɗaya, a ja da tsintsiyar hannu ba da kafaɗa ba. Akwai ma dabarar sikelin rataye irin na masu awon kaji da hatsi, ka maƙala ƙugiyarsa a sifana daidai santimita 25 daga tsakiyar noti ka ja a miƙe ta gefe har ya nuna kilo 10, ba daidai yake ɗari bisa ɗari ba amma ya fi kintace nesa ba kusa ba. Wanda ya samu tok sifana kuma ya duba ma'aunin da ke jikinta, wasu ft-lb ne, 25 ɗin nan a can 18 ne, in ka saita 25 a ft-lb ka kai kusan Nm 34. Kuma babbar tok sifanar da ake ɗaure top da ita wadda take farawa daga 40 bata da amfani a nan, ƙarama ake nema.

Direba, ciwon kan nan da ka ambata kar ka ɗauke shi wasa. Hayaƙin fetur yana ɗauke da kabon monoksaid, ita kanta bata da wari bata da launi, tana sa ciwon kai da jiri da barci, kai kuma kana kan titin Funtua da rayukan mutane. Manifol ɗinka a baya yake kusa da inda iska take shiga cikin mota. Har a gyara ka bar gilashi a buɗe, kar ka zauna a ciki inji yana aiki a tsaye. Sannan in motarka har yanzu injekta ce da oksijin sensa, kafar nan tana zuƙo iska daga waje, sensa ta ɗauka mai yayi kaɗan, biren bos, wato kwamfutar mota, ya ƙara mai, sai kaga tana shan fetur fiye da da.

Mai_Tana_TudunWada

Salam. Baba ya ambace ni to ga ni. Wannan aikin kusan kullum sai an kawo mana irinsa.

Gaskiyar magana Auwalu bai yi kuskure gaba ɗaya ba, ta ɓangaren top bambancin ba shi da yawa. Ramin M8 da ya zarce ya riga ya zama kusan milimita 8. In Helicoil za a sa bakin diril 8.3 ko 8.4 ake bi da shi sannan tap ɗinsa na musamman da yake zuwa a cikin kwalin, in M10 za a yi 8.5 ake bi, kaga naman da ake ci kusan ɗaya ne. Matsalar tana waje. Bol M10 ba zai wuce ta ramin manifol da walawa ba, ko dai a buɗa ramin manifol ɗin ko a cusa shi a matse, in a matse yake to zamewar da Injiniya ya yi bayani ta tsaya, kuma a silindar ƙarshe inda aka fi buƙatarta. Sannan mai kan 17 duk yaron da ya zo bayanka zai ɗauko babban hannu ya ɗaure shi da ƙarfin 17. In dole sai M10 to a yi sitod mai hawa biyu, gindinsa M10 ya shiga top, samansa M8 ya fito waje ya karɓi noti irin na ƴan uwansa, muna yankawa a kan injin tana ba wani daɗewa yake ba, amma a yanka shi daga bol mai kyau wanda aka buga 8.8 ko 10.9 a kansa, ba rodi ba.

Ni dai Helicoil na fi so, waya ce ta sitenles a nannaɗe, in ta zauna zaren da take bayarwa ya fi na asali jure kwancewa da ɗaurewa. In ba a samu a Sabon Gari ba a aika Panteka a Kaduna ko Kofar Ruwa a Kano, ka ce M8 mai zare 1.25, kuma a ɗauki doguwa, alminiyam yana son sitod ya shige kamar ninki biyu na kaurinsa, wajen milimita 16 kenan in zurfin ramin ya bada dama.

Inda ake kashe top shine wajen huda. Ruwa yana zagayawa a bayan ramukan nan, ba nisa. Kafin ka kunna diril ka zura siririn waya ka auna zurfin ramin, ka naɗa salatif a jikin bakin diril daidai nan, in salatif ya taɓa fuska ka tsaya. An taɓa kawo min top da aka huda aka zarce, mai shi yace suna cikin aiki sai ruwan lagireto ya fara tsartuwa ta ramin sitod, to wannan ne ake cewa top ya shiga uku, naka bai kai nan ba. Abu na biyu diril ya shiga a miƙe. A bayan injin Golf wurin a matse yake, ga bango ga mutum a sunkuye, da wuya hannu ya tsaya daidai. In ya karkace sitod zai fito a karkace, noti ya zauna da gefe ɗaya, ba a jima ba ya karye. Muna yin ɗan ƙarfe mai kauri da rami a miƙe mu ɗaure shi a sitod na kusa ya zama jagora, in babu wannan gara a sauke top a kawo kan benci. In za a yanka zaren a ɗiga kananzir ko ɗan mai, a juya gaba a dawo baya ana fitar da gari, a toshe bakin fot, wato kafar da hayaƙi yake fitowa daga top, da tsumma.

Wani abu kuma da ba wanda ya tambaya, manifol ɗin kansa a miƙe yake? Motar da tayi obahitin, an goge top amma na tabbata ba wanda ya duba manifol. In an cire a kifa rular ƙarfe mai kyau a kan fuskokinsa huɗu, a haska tocila ta baya ko a gwada zura fila gej, in kunnen ƙarshe ya ɗaga kana ganin haske to ko da me ka ɗaure ba zai rufe ba, kas baya lanƙwasuwa ya biyo noti, sai dai noti ya yago zare, ina kyautata zaton abinda ya faru da kai kenan. A kawo a goge fuskar ko a nemi wani manifol ɗin, ya fi top araha nesa. A duba tsagewa kuma a tsakanin rassan.

In garin kwance sauran wani ya karye a ciki kar a yi saurin buga abin ciro karyayyen bol ɗin nan mai zaren hagu, in ya karye a ciki diril baya cinsa. Mai walda ya ɗora washa da noti a kan guntun ya cike da walda, walda bata kama alminiyam, zafin kuma yana saki tsatsar, in ya ɗan huce a juya a hankali gaba da baya. A cire kan batir kafin a kunna walda.

Direban_Kwangila

Allah ya saka muku da alheri Baba da Injiniya da Oga mai tana, Malam Auwalu kai ma na gode dan ka san halin da muke ciki. Na nuna wa ogan garejin ya yarda a cire manifol a duba shi da rula. Saura tambaya biyu, yace zai shafa giris a zaren dan kar ya kame nan gaba, sannan zai shafa gam ɗin gasket ja a fuska biyu dan ya toshe ko ina, wannan yayi? Kuma in an gama shikenan ko sai na dawo an sake bi?

Baba_Mai_504

Gam kar a sa. Wanda ake sayarwa a tub ɗin nan ko jan ne ba a yi shi dan zafin bakin fot ba, zai ƙone ya zama gari ya fita ya bar maka kafa, notin da aka ɗaure a kansa kuma ya saki. Fuska biyu masu tsabta a miƙe da gasket mai kyau a bushe, shi ke nan.

Giris na yau da kullum shima ƙonewa yake ya zama gawayi. Akwai man hana kamewa mai ruwan jan ƙarfe ko mai ruwan toka da aka yi dan wurin zafi, shi ana iya shafa ɗan kaɗan, amma ka sani duk abinda ya sa zare santsi ya canza lissafi, yawancin ƙarfin da kake sawa a sifana wajen goga yake tafiya, kaɗan ne yake zama ja, to in ka rage gogar sai 25 ɗin nan ta ja sitod fiye da yadda aka nufa. Wanda ya shafa ya rage kamar kashi ɗaya cikin biyar, ya tsaya wajen 20. In ka samu notin jan ƙarfe na kirki ni bana shafa komai a inda noti yake hawa. Kuma kar a yaudare ka da bol na sitenles wai baya tsatsa, a cikin alminiyam yana da nasa halin na kamewa.

Dawowa kuwa eh ka dawo. Ka yi aikinka na kwana biyu uku ta ɗau zafi ta huce, sai ka kawo ta da yamma ta kwana a gareji, da safe kafin a tada ita a bi notin daga tsakiya zuwa waje a kan lambar nan dai, ba a kwance ba ba a ƙara lamba ba, wanda ya motsa ya motsa wanda bai motsa ba a barshi. Gasket mai laushi yana zama bayan zafin farko, na ƙarfe zalla bai cika yi ba. In bayan wannan noti ɗaya ya ci gaba da sakewa to ba ɗauri yake nema ba, zarensa ne yake tafiya.

Tunda motar haya ce mai ɗaukar lodi a sa ta a rami a duba injin sit, wato abin da inji yake zaune a kai, da robobin da suke rataye salansa da mahaɗar da ke ƙasan manifol. In injin sit ya mutu duk tashi da taka birki inji yana wullawa gaba da baya, in robobin sun tsinke an ɗaure salansa da waya ko an yi mata walda ta kafe, nauyin bututun gaba ɗaya a wuyan sitod takwas ɗin nan yake sauka, sai ka gyara yau wata ya zagayo ka ji tas tas ta dawo.

Sannan wancan na farkon da ka ce yayi ƙara ƙiii ya tsaya, shima faif ya hau kansa, ban yarda da shi ba. In an cire manifol a fitar da shi a duba zarensa da tocila ko akwai farin gari, a maida shi da yatsu rabi a girgiza, in yana rawa a sa masa Helicoil tare da ɗan uwansa. Sitod ɗin da faif ya ja kuma ko bai karye ba a canza shi, ya riga ya miƙe.